Tarwaɗa sun daina rububin abinci tun da aka wanke tanki da sabulu, hancinsu zai dawo kuwa?

Baban Ummi, Rikkos: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina cikin damuwa, a taimaka min da shawara. Ina da tankin siminti biyu a bayan gida, kowanne da tarwaɗa ɗari uku, watansu uku da 'yan kwanaki. Ranar Asabar na tafi Bauchi ta'aziyya, na bar wa yaron da ke taya ni saƙo cewa ya kwashe kifin tanki ɗaya ya kankare gansakukar da ta kama bango. Ashe da garin sabulun wanki ya goge, ya ɗauraye sau ɗaya, ya cika ruwa ya mayar da su. Da na dawo Lahadi da yamma na tarar da kumfa a kusurwa, guda goma sha ɗaya sun riga sun juya ciki. A daren nan na sauya ruwa sau biyu, mutuwa ta tsaya, alhamdulillah.

To yau kwana huɗu ke nan. Da, ƙwaya biyu kawai zan jefa a gefe ɗaya, kafin in daidaita tsayuwa duk tankin ya tafasa, har na can ƙarshe sun iso suna hawa kan juna. Yanzu abinci na yawo a saman ruwa, suna wucewa ta ƙarƙashinsa kamar ba su san da shi ba, sai wanda gashin bakinsa ya taɓa ƙwayar ne zai juyo ya cafke. Kuma sun fara cizon juna, na ga uku da rauni a wutsiya. Ɗaya tankin da ba a taɓa ba lafiya lau. Wani maƙwabci ya ce cuta ce, in zuba shuɗin garin nan kofa salfet. Wani kuma ya ce hancinsu ne ya ƙone. In hanci ne, yana warkewa, ko in kwashe su in kai wa masu banda tun ban yi asara biyu ba?

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ni shawarata ta farko, ka sallami yaron nan. Wa ya taɓa jin an kai sabulu kusa da tankin kifi?

Dattijon Gangare: Yaro, Allah ya tsayar haka. Ni tun ana haƙar kuza gadan-gadan nake jefa ƙugiya a kududdufan da kamfanoni suka bari wajen Bukuru da Barikin Ladi, kuma na ga yadda ake kiwon kifi a Panyam da idona. Tarwaɗa da gashin baki take neman abinci. Ka yanke mata gashin baki ka ga yadda za ta wahala. Zancen hanci ban san inda ya fito ba. Hanci na abin da ke shaƙar iska ne. Wanda ke cikin ruwa me zai shaƙa?

Maman Joy, Dadin Kowa: Baban Ummi, kafin a je ko'ina, don Allah kar ka zuba shuɗin garin nan. Ni ina ƙyanƙyasa, shekarata ta shida ke nan. A shekarata ta biyu wani mai sayar da kayan kiwo ya ba ni shi cewa zai kashe min koren ruwa. Cokali na ɗiba da ido, ban auna ba. Washegari 'ya'yan kifin da suka rage da rai suna tsaye a jikin bango kamar an jera tsintsiya, ba sa bin abinci, ba sa gudu ko ka sa hannu. Na yi kuka a ranar, domin kuɗin makarantar yara ne a cikin ruwan nan. Kifinka yanzu masu jinya ne, ba za su ɗauki wani dukan ba.

Malamar Kimiyya: Sannunku da ƙoƙari. Baba na Gangare, a yi min afuwa, maganarka rabi daidai ce, kuma rabin nan mai nauyi ne, zan dawo kanta. Amma kifi yana da hanci. Duk wanda ke da tarwaɗa a kusa ya ɗaga ɗaya ya duba saman bakinta. A kowane gefe akwai ƙofa biyu: ta gaba kamar ɗan bututu kusa da leɓe, ta baya kuma tana nan daura da gindin gashin bakin da ke tsaye a sama. Ruwa na shiga ta gaba ya fita ta baya. Ramin ba ya haɗe da maƙogwaro, saboda haka ba ruwansa da numfashi, aikinsa ɗaya ne, sansana. A cikin ramin akwai wata tsoka mai ninki-ninki kamar shafukan littafi, a jikinta ƙwayoyin jijiyar jin ƙamshi suke, kawunansu a waje tsirara suna taɓa ruwa. Mu namu suna can cikin ƙoƙon hanci a ɓoye. Na kifi duk abin da ke cikin ruwa sai ya wanke su, sabulu ne, guba ce, ko ƙarfe.

Aikin sabulu kuwa narkar da maiƙo, kuma fatar kowace ƙwayar halitta da maiƙo aka gina ta. Shi ya sa masu bincike ma in suna son lalata hancin kifi da gangan don su ga yadda yake warkewa, wani nau'in sabulun ɗakin gwaji suke ɗiga masa, sunansa Triton X-100. Wata farfesa a jami'ar Western Michigan ta Amurka, Christine Byrd-Jacobs, ta daɗe tana wannan aiki a kan wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa da ake kira zebra. A rahoton da suka fitar a 2010, kwana ɗaya bayan ɗiga sabulun shimfiɗar hancin ta zaizaye, yawancin ƙwayoyin jijiyar sun tafi. Kafin mako ya zagayo ta sake cikowa.

Dalili shi ne a ƙasan shimfiɗar akwai wasu ƙwayoyi da ke zaune kamar iri a rumbu. In na sama suka mutu, sai su rarrabu su haifi sababbi, sabuwar ƙwaya ta miƙa kanta sama zuwa ruwa, ta kuma miƙa dogon zare zuwa ƙwaƙwalwa. Ko ba rauni ma haka suke yi a hankali tsawon rayuwa. Saboda haka Baban Ummi, kar ka kai su banda.

Dattijon Gangare: 'Yata, na je na ɗaga ɗaya a bahon da ke tsakar gida. Ramukan suna nan yadda kika ce, huɗu cif. Shekara da shekaru ina ganinsu ban taɓa tambayar aikinsu ba. Amma ki amsa min wannan. Na sha kama tarwaɗar da kanta ya daku, gaban fuskar duk tabo, kuma ga ta da ƙiba. In da hanci take ci, da yunwa ta kashe ta.

Malamar Kimiyya: Baba, wannan ne rabin da na ce zan dawo kansa. Tarwaɗa tana da hanya biyu. Akwai hanci, akwai ɗanɗano. Mu a baki kawai muke ɗanɗana abu, ita kuwa ƙwayoyin ɗanɗano sun cika gashin bakinta takwas, sun bazu har jikin fatarta. Tun 1967 masu bincike a jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar'uwarta ta Amurka tana iya bin sawun abinci da ɗanɗano kaɗai ko an kashe mata hanci. To ka ga tarwaɗarka mai tabo ba abin mamaki ba ce. Kuma dubi abin da Baban Ummi ya faɗa da bakinsa: sai wanda gashin bakinsa ya taɓa ƙwayar ne ke cafkewa.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba zan ɗora komai a kan hanci ba. Sabulun da ya ci hanci ya taɓa gashin bakin, ya wanke yauƙin fata, ya kuma ƙona jajayen kunnuwan da suke numfashi da su. Guda goma sha ɗayan da suka mutu ta nan suka tafi, ba ta hanci ba. Kifin da ke fama da numfashi ba ya marmarin abinci.

Ɗan Bukuru: To ni yanzu na rikice. In za su ci ko ba hanci, mene ne na damuwa da shi? Mu dai nama muke nema, ba kare muke kiwo ba.

Ɗalibi daga Naraguta: Yaya, hancin yana da aiki fiye da abinci. Waɗancan masu binciken na Michigan, a shekarar dai, sun gano cewa kifayen suna gane junansu ɗaya-ɗaya ta warin jiki, kuma da aka lalata musu hanci sai suka kasa bambancewa. Ka san a tanki akwai manya akwai na ƙasa, kowa ya san wanda zai kauce wa. In wannan sanin ya ɓace, ga ciwo, ga yunwa, ba abin mamaki ba ne cizo ya ƙaru. Sannan akwai warin tsoro. Wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973 saboda aikinsa a kan ƙudan zuma, shi ya lura a 1938 cewa in fatar kifi ta yage tana sakin wani abu a ruwa da ke sa sauran su watse. Da hanci suke jinsa, kuma tarwaɗa tana cikin dangin kifayen da ke da wannan. Shi ya sa in akwai masu rauni a tanki gara a ware su, domin da zarar hancin sauran ya fara dawowa, abin da za su fara ji ke nan.

Maman Joy kuma, abin da kika gani na 'ya'yan kifi da ba sa gudu, an auna irinsa. A Amurka, wajen birnin Siyatil, an gwada 'ya'yan kifin salmon, aka ga jan ƙarfe, wanda shi ne a cikin shuɗin garin nan, maikirogiram 2 kacal a lita ɗaya ya isa ya dakushe musu hanci har su rage firgita da warin tsoro. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ki kwatanta da cokali. Jan ƙarfen can ma daga takalmin birkin motoci yake gogewa, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, har jihohin Washinton da Kalifoniya suka yi doka a 2010 a rage shi a takalmin birki.

Maman Joy, Dadin Kowa: Allah sarki. Ashe ba taurin kai suke min ba, hanci ne babu. Ɗana, Allah ya ba ka sa'ar karatun nan. Bari in ƙara wani abu da na koya daga baya a wajen bita: an ce mana kar a kuskura a sa shuɗin garin nan in alkalin ruwa, wato sinadaran da ke hana ruwa tsami, bai kai miligiram 50 a lita ba, domin a irin wannan ruwan ya fi dafi. Kuma ruwanmu na nan da ke fitowa daga cikin duwatsu ba shi da nauyi, alkalinsa kaɗan ne, ku duba yadda sabulu ke saurin kumfa. Mutane na ɗauko awon da aka yi a wani gari su zuba a Jos.

Mai Karfasa, Farin Gada: Ni ina da ja. Duk abin da kuka kawo, daga Michigan sai Siyatil. Ɗan kifin kwalba da bai kai yatsa ba, a ɗaki mai ɗumi, ana masa hidima kamar jariri. Ya za a ɗauki kwanakinsa a ɗora wa tarwaɗar Rikkos a cikin hunturu? Kar mu sa bawan Allah ya zauna yana ƙirga kwana bakwai yana zuba abinci mai tsada, ƙarshe ya zo ya ce mun yaudare shi. Buhun abinci yanzu kowa ya san kuɗinsa.

Malamar Kimiyya: Malam Mai Karfasa, wannan ja ne mai kyau, kuma na karɓa. Ginin hancin iri ɗaya ne, ƙwayoyin ajiyar nan suna nan a tarwaɗa, suna nan a karfasa, suna nan a hancinka da nawa. Amma kwanakin ba za su zo ɗaya ba. Kifin zebra a ruwa mai ɗumin digiri 28 ake ajiye shi. Jikin kifi kuwa zafin ruwan da yake ciki yake bi, in ruwa ya yi sanyi komai nasa sai ya yi sanyi, narkar da abinci, girma, har warkewar ciwo. Mu da ke kan tsauni sama da mita 1,200, a wannan watan dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Saboda haka Baban Ummi ya sa ran makonni, ba kwanaki ba.

Akwai kuma abu na biyu. Cikowar tsoka daban, dawowar ji daban. Sabuwar ƙwaya sai zarenta ya isa ƙwaƙwalwa ya sami mazauninsa kafin saƙo ya wuce. A Jamus, a jami'ar Gotingen, an yanke wa jan kifin ado jijiyar hanci gaba ɗaya, aka ga sai bayan kamar mako biyu ya koma bambance ƙamshi. Kuma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka fi jin amino asid, wato warin abinci, akwai waɗanda suka fi jin sinadarin maɗaciya da kifaye ke saki, wanda ke cikin abin da suke gane juna da shi. Na biyun sun fi saurin lalacewa in jan ƙarfe ya taɓa su. Kana iya ganin kifi ya koma ci ka ce ya warke, alhali rabin hancin yana hanya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maimaici. A ɗakin gwajin can na Western Michigan da suka riƙa ɗiga sabulun a kai a kai na makonni, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke karɓar ƙamshi da kansa ya motse, sai da aka daina sannan ya farfaɗo. To mu haka muke yi ba da sani ba. Yau sabulu, jibi fomalin, gata shuɗin gari, mako mai zuwa jan maganin nan famanganet. Kowane ɗaya yana aske abin da ya fara tohowa.

Mai Karfasa, Farin Gada: To yanzu kin yi magana. In makonni ne, ya rage abincin, kar ya yi ta zubawa yana ruɓewa a ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiyar Anguwar Rogo: Ni ba na kiwo, mijina ne ke yi, amma ina bin ku. Wannan zance ya taɓa ni. Lokacin korona a 2020 na wayi gari ba na jin ƙamshin komai. Ina soya albasa da daddawa a gabana, hayaƙi na tashi, amma kamar ruwa nake dafawa. Turaren wuta ma haka. Abin da ya fi ɗaga min hankali, ina goye da jariri ba na jin warin kansa. Sai wajen mako na biyar ya fara dawowa, kuma da farko a karkace, nama yana min warin ƙonanniyar roba. Malama, wannan ɗin ne ke faruwa da kifin?

Malamar Kimiyya: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kusan hanya ɗaya ce. A korona cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin, sai jijiyoyin su rasa mai riƙe su. Gyaran kuwa daga ƙwayoyin ajiyar nan yake fitowa, wanda Pasquale Graziadei da abokiyar aikinsa suka tabbatar a Fulorida a shekarun 1970, lokacin da ake koyar da cewa jijiyar babba in ta mutu ta mutu ke nan. Karkacewar da kika ji kuma ana danganta ta da lokacin da sababbin zaruruwa ba su gama komawa gurabensu ba. Kifi dai ya fi mu saurin wannan gyara nesa ba kusa ba.

Baban Ummi, Rikkos: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Shuɗin garin na riga na saya, amma na ɗaure shi na ajiye a saman kwaba. Na ware masu rauni guda bakwai a baho. Yanzu ta yaya zan gane hancin ya dawo, tunda an ce ci ba shaida ba ne?

Ɗan Bukuru, yaron ba zan kore shi ba. Maraya ne, kuma ni ne ban taɓa ce masa kar ya sa sabulu ba. Shi a ganinsa gyara ya yi min. Tun ranar bai iya haɗa ido da ni.

Ɗalibi daga Naraguta: Baba, ga gwaji mai sauƙi. Ka jiƙa abincinsu a kofi na minti goma, ka tace da tsumma mai tsabta, ruwan kawai kake so. Da safe kafin ka ba su komai, ka tsuguna yadda ba za su ga inuwarka ba, ka zuba ruwan a hankali ta tiyo a kusurwa ɗaya. Ka yi haka a tanki mai lafiya, ka yi a na masu jinya, ka duba agogo ka ga daƙiƙa nawa kowanne ke ɗauka kafin su taso. Gwajin ba ya raba hanci da ɗanɗano tsaf, amma ranar da tankunan biyu suka zo daidai, kuma cizo ya tsaya, ka san sun dawo hayyacinsu.

Maman Joy, Dadin Kowa: Kuma ka rufe tankin da leda ko tamfol da daddare, ka bar 'yar kafa ta iska, tunda tarwaɗa tana hawowa sama ta shaƙa. Sauyin ruwa ka yi shi da rana tsaka in ruwan ya ɗan yi ɗumi, kashi ɗaya cikin uku ya isa, kar ka kwashe duka. In ruwan famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe. Raga da bokiti da tsintsiyar tanki a ware su, kar su haɗu da na wanki ko da wasa. Wankin tanki kuma buroshi da gishiri da rana sun wadatar.

Ɗan Bukuru: Baban Ummi, ka yi gaskiya a kan yaron, na janye. Allah ya raya shi.

Baban Ummi, Rikkos: Salam 'yan'uwa, na dawo da labari, yau kwana goma sha tara da wankin. Na riƙa yin gwajin ɗalibinmu duk bayan kwana biyu, yaron ne ma ke riƙe agogo yana rubutawa a bayan kwali. Makon farko tanki mai lafiya kafin a ƙirga goma sun cika kusurwa, na masu jinya kuwa har ruwan ya baje ba wanda ya motsa sai biyu ko uku. Wajen kwana goma sha biyu na ga sun fara ɗagowa suna kaɗa gashin baki, suna juyawa kamar mai neman inda aka kira shi. Yau da safe tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi daƙiƙa biyar ba, har ruwa suka watsa min a fuska. Cikin bakwai da na ware biyu sun mutu, biyar raunin ya rufe. Sabon cizo ban gani ba tun ranar Talata. Sun dai rame, in ka haɗa su da 'yan'uwansu za ka ga bambanci a ido.

Dattijon Gangare: Masha Allah. Jiya na tara jikokina na nuna musu ramukan nan huɗu. 'Yata Malama, saura tambaya ɗaya. Ina da manyan mata biyu da nake ajiye wa Maman Joy don ƙwai, kuma watan jiya an yi musu wankan fomalin. Hancin yana da hannu a wajen haihuwa?

Malamar Kimiyya: Yana da shi, Baba. A jami'ar Utrecht ta Holand, a shekarun 1980, an yi aiki a kan irin tarwaɗarmu ɗin nan, aka ga namiji yana sakin wani sinadari a ruwa da ke jan macen da ƙwanta ya nuna, kuma ta hanci take jinsa. Maman Joy da allura take sa su saki ƙwai, don haka aikinta ba zai tsaya ba. Amma a bar su su huta a ruwa mai tsabta, kar a sake musu wani wankan magani kafin lokacin.

Maman Joy, Dadin Kowa: Baba, ka riƙe su har sanyi ya sauka, ƙarshen Fabrairu zan turo a ɗauko. A jarka mai faɗin baki za a kawo su, ba a buhu ba, kar fuskar ta gogu a hanya.